Da gaske Obamacare ta hana kamfanin inshora yasar da marar lafiya?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka taso mini a kanta jiya, ina nan a kan bakana: tun da Obama ya sa hannu a dokar inshorar lafiya da ake kira Obamacare ranar 23 ga Maris 2010, kamfanin inshora a Amurka ba shi da sauran hanyar yasar da marar lafiya. Ku tuna yadda ake yi a da. Mai ciwon suga ko hawan jini in ya je sayen inshora da kansa, sai a miƙo masa takarda ya zayyana tarihin lafiyarsa, daga nan ko a ƙi shi, ko a ninka masa kuɗi, ko a karɓe shi amma a ce ban da wannan cutar. Daga 1 ga Janairu 2014 duka ukun sun haramta. Abu huɗu kaɗai aka bar wa kamfani ya duba wajen yanka kuɗin wata: shekaru, shan taba, inda mutum yake zaune, da yawan iyali. Ko a shekarun ma, kuɗin dattijo ba zai wuce ninki uku na matashi ba. An soke ƙa'idar nan ta cewa in an kashe maka dala miliyan ɗaya ko biyu a tsawon rayuwa shi ke nan, ka nemi wani wuri. Yaro yana zama a inshorar iyayensa har shekara 26. Marasa inshora sun sauko daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023. To ina sauran magana?

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam Malam. Duk abin da ka lissafa haka yake, ban ja da ko ɗaya ba. Inda muka raba hanya shi ne "babu sauran hanya". Dokar ta hana a kore ka a bakin ƙofa, ba ta ce dole a biya duk takardar da asibiti ya aika ba. Cibiyar binciken harkokin lafiya ta KFF ta duba alƙaluman 2021 na kamfanonin da ke sayar da inshora a HealthCare.gov, wato kasuwar inshora ta gwamnati a intanet, ta ga an ƙi biyan kusan kashi 17 cikin 100 na takardun neman biya, kuma wannan a wurin likitocin da ke cikin jerin kamfanin ne, wato waɗanda ya ƙulla yarjejeniya da su. Waɗanda suka ɗaukaka ƙara ba su kai kashi 1 ba. Hanyoyin sanannu ne. Akwai izinin kamfani kafin aiki: likita ya ce a yi hoton MRI, kamfani ya ce sai an yi makonni ana gashin ƙashi tukuna. Akwai matakalar magani: sai ka sha mai araha ya kasa kafin a sake maka wanda likita ya rubuta. Akwai kuma taƙaita jerin likitoci, a bar ƙwararru kaɗan, masu ciwo mai cin kuɗi su gaji su koma wani kamfanin da ƙafarsu.

Malam Habu: Hajiya, ai ke da bakinki kika ce ba sa ɗaukaka ƙara. Hanyar na nan, dokar ce ta shimfiɗa ta. Wanda bai bi ba, laifin doka ne?

Dakta Nasiru: Bari in sa baki a nan, domin wannan matakin ne mutane suka fi yin asara a kai. Ƙarar hawa biyu ce. Na farko a cikin kamfanin: kana da kwana 180 daga ranar da takardar ƙin biya ta iso. Kamfani zai amsa cikin kwana 30 in ba a yi aikin ba tukuna, kwana 60 in an riga an yi, awa 72 in gaggawa ce. In ya sake ƙi, sai hawa na biyu, wurin masu duba na waje da ba sa ƙarƙashinsa. Wata huɗu gare ka ka shigar, su yanke cikin kwana 45, kuma hukuncinsu ya hau kan kamfani dole.

Kafin duk wannan, a fara karanta dalilin ƙin biyan. Sau da yawa ba gardamar likitanci ba ce, kuskuren lamba ne: ofishin kuɗi na asibiti ya sa lambar cuta da ba ta dace da lambar aikin ba, ko ya manta lambar izini. Wannan kiran waya ne, a gyara a sake aikawa. In kuwa an rubuta cewa aikin "ba dole ba ne a likitance", to a nemi kamfani ya ba da ƙa'idar da ya dogara da ita a rubuce, haƙƙin mutum ne kuma kyauta ne. Sai likita ya rubuta wasiƙa yana bin ƙa'idar layi-layi: an gwada magani kaza wata kaza, ga sakamakon gwaji, ga abin da zai faru in an jinkirta. Wasiƙar da ta ce "ina ganin yana buƙata" kawai ba ta cin nasara. Amma Malam Habu, ka lura da abu ɗaya: masu duba na waje suna sauraron gardamar likitanci ne da soke inshora. In takardar yarjejeniya ta ce wannan aikin ba ya ciki gaba ɗaya, ba su da ta cewa. Kuma wanda ake wa wannan lissafin kwanakin mutum ne da ke kwance.

Barista Sa'adatu: Likita ya kawo mu inda nake so. Ana ta magana kamar kowa a kasuwar Obamacare yake saye, alhali mafi yawan masu aiki ta wurin aikinsu suke samu. Fiye da rabin waɗannan kuma suna tsarin da ma'aikatar ce ke biyan kuɗin jinya daga aljihunta, kamfanin inshora takardu kawai yake juya mata, ko da tambarinsa ne a kan katin. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, dokokin inshora na jiha ba sa kai masa. Hana wariya kan tsohuwar cuta ya shafe shi, haka ma iyakar abin da mutum zai fitar a shekara, amma wajabcin da Obamacare ta ɗora na biyan rukunan jinya guda goma bai hau kansa ba. Abin da ya fi damuna shi ne diyya. In an ƙi biya bisa kuskure, jinkirin ya jawo wa mutum nakasa, abin da zai iya karɓa a kotu shi ne kuɗin aikin da aka hana, wataƙila da kuɗin lauya. Babu diyyar cutarwa. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 2004. Obamacare ba ta taɓa wannan ba. Duk mai kati ya tambayi ofishin ma'aikata: mu ke biya ko kamfani ke ɗaukar nauyi? Amsar ce za ta nuna maka ko hukumar inshora ta jiha za ka kai kuka ko Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya.

Alhaji Lawal: Ni aljihu zan duba. A kasuwar, tsare-tsaren inshora hawa-hawa ne da sunayen ƙarafa, kamar tagulla da azurfa; a ɗauka mutum ya sayi tsarin tagulla saboda kuɗin watansa ya fi sauƙi, kuɗin farko da zai biya kafin kamfani ya sa hannu dala 7,000, bayan nan kashi 20 nasa. Aka yi masa tiyatar dala 40,000. Zai biya 7,000, sai kashi 20 na sauran 33,000, wato 6,600, jimla 13,600. A nan doka ta kare shi, domin iyakar 2025 ga mutum ɗaya dala 9,200 ce, ga iyali 18,400. Wannan kariya ce ta gaske, a ba Malam Habu haƙƙinsa. Sai dai iyakar tana komawa sifili duk sabuwar shekara. Jinyar da ta fara a Nuwamba ta zarce Fabrairu, sau biyu za a cika ta. Kuma kuɗin wata ba ya cikin lissafin, haka ma likitan da ba ya cikin jeri.

Kuskuren da ya fi yawa: mai ƙaramin ƙarfi ya ruga wa tagulla. In abin da yake samu bai wuce kashi 250 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa ba, akwai ragin kuɗin farko, amma a tsarin azurfa kaɗai ake ba da shi. Azurfa da aka saba tana ɗaukar kusan kashi 70 na kuɗin jinya, ga mafi ƙarancin samu takan kai kashi 94. Ya tsere wa 'yan daloli a wata, ya ɗauko dubbai a asibiti.

Malam Habu: Alhaji na gode. Likitan da ba ya cikin jeri kuma ai an toshe wannan ramin. Dokar hana takardar ba-zata ta fara aiki 1 ga Janairu 2022. In gaggawa ce, ko a wane asibiti aka kai ka, kason cikin jeri za ka biya. In asibitin na cikin jeri amma mai ba da maganin barci ko mai karanta hoto ba ya ciki, ba zai biyo ka da ragowar kuɗi ba, shi da kamfani za su je sulhu. Jirgin ɗaukar marar lafiya ma ya shiga.

Hajiya Rabi: Jirgi ya shiga, motar asibiti ba ta shiga ba, ita ce kuwa talaka ke hawa, kuma ba shi ke zaɓen wadda za ta zo ba in an kira lambar gaggawa ta 911. Wasu jihohi sun yi tasu dokar, amma maganar Barista ta dawo: ba ta kai ga tsarin da ma'aikata ke biya da kanta. A kuma kula da takardar amincewa da ake miƙowa kafin aikin da ba na gaggawa ba. Sa hannu a kanta yafe kariyar ne. Mai maganin barci da mai hoto doka ta hana su neman wannan sa hannun, likitan tiyata kuwa yana iya nema.

Sannan akwai abin da ake sayarwa da sunan inshora wanda Obamacare ba ta shafe shi ba sam. Inshorar gajeren zango tana tambayar tarihin lafiya, tana ƙin mai cuta, tana sa iyakar biya. A 2018 aka tsawaita ta zuwa kwana 364, a 2024 aka rage ta zuwa wata huɗu, ka ga abu ne da ke juyawa da gwamnati. Haka ƙungiyoyin addini na karo-karon jinya, ba su da wajabcin biya a doka. Haka inshorar baƙi da 'yan'uwanmu ke saya wa iyaye in sun zo ziyara. Dattijuwa mai hawan jini ta samu shanyewar ɓarin jiki, a ce tsohuwar cuta ce. A karanta sashen abubuwan da inshorar ba ta biya kafin a biya ko sisi.

Barista Sa'adatu: A ƙara da Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Dokar ta so a faɗaɗa ta ga duk wanda samunsa bai wuce kashi 138 na ma'aunin talauci ba, Kotun Ƙoli a 2012 ta ce zaɓin jiha ne. Texas da Florida na cikin waɗanda ba su faɗaɗa ba. A can, baligi marar 'ya'ya da ke ƙasa da ma'aunin talauci bai cancanci Medicaid ba, tallafin gwamnati na biyan kuɗin wata a kasuwa kuma daga kashi 100 yake farawa. Talaucinsa ne ya hana shi tallafi.

Malam Habu: Na karɓi ta Medicaid da ta motar asibiti, giɓi ne babba. Amma Barista, wannan aikin kotu ne da majalisun jihohi, ba kamfani ba ne ya yasar da su. Zan gyara maganata haka: wanda ya riƙe inshorar da ta cika ƙa'idar dokar, yana biyan kuɗin wata, ba za a ƙwace masa ita don ya kwanta ciwo ba. Soke inshora a koma baya sai in an kama shi da zamba ko ƙaryar ganganci, kuma da sanarwar kwana 30. A kan wannan ban ga wanda ya kayar da ni ba.

Dakta Nasiru: Ban kayar da kai ba Malam, amma "yana biyan kuɗin wata" ɗin nan a duba shi da kyau, domin mai jinya ne ya fi saurin daina aiki. Mai karɓar tallafi in ya makara yana da wa'adin wata uku. Watan farko kamfani zai biya asibiti. Na biyu da na uku yana iya riƙe takardun. In wa'adin ya cika bai biya bashin gaba ɗaya ba, ba rabi ba, sai a yanke inshorar tun daga ƙarshen watan farko, jinyar wata biyun ta dawo wuyansa. Kuma rasa inshora saboda rashin biya ba ya buɗe masa damar kwana 60 ta sake rajista da ake ba wanda ya rasa inshora, sai ya jira buɗewar kasuwa a Nuwamba, inshorar ta fara aiki a Janairu. Wanda samunsa ya ragu saboda ciwo ya sanar da kasuwar a watan nan take, domin a ƙara masa tallafi ko a duba ko ya cancanci Medicaid, ita ba ta da lokacin rajista.