Neman kalma: me za mu kira "recall" na ɗan majalisa?

Malam Ɗanjuma: Assalamu alaikum. Ana ta cakuɗa kalmomi a rahotanni: wannan ya ce an tsige sanata, wancan ya ce an janye shi, wani kuma ya ce kiranye. Wacce ce daidai?

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire tsigewa daga lissafi. Tsigewa aikin 'yan majalisa ne a kan shugaban ƙasa ko gwamna, sashe na 143 da na 188 na kundin tsarin mulkin 1999. Shi kuwa "recall" sashe na 69 ne, kuma talakawan mazaɓa ne ke da wuƙa da nama. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke cewa sun dawo daga rakiyar wakilinsu, a miƙa wa shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC. Hukumar ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 daga ranar karɓar takardar. In ta tabbata, INEC ta aika wa shugaban majalisar takardar shaida, kujera ta zama babu kowa.

Alhaji Sule Mai Rediyo: Ni dai kiranye na ɗan yi mini nauyi a baki. Asalinta fa asiri ne: yaro ya shiga duniya, shekara da shekaru ba wasiƙa ba saƙo, sai uwa ta je wurin malami ko boka a yi masa kiranye, hankalinsa ya tashi, ya kasa zaune ya kasa tsaye sai ya dawo gida. Kalmar tsubbu a cikin harkar doka? Me ya hana mu ce "janye wakilci"?

Barista Hauwa: Ranka ya daɗe, ai abin da ka bayyana shi ne ma'anar dokar tsaf. Mutum ya tafi Abuja an daina jin ɗuriyarsa, 'yan gida suka kira shi ba da son ransa ba. Janyewa kuma ta riga ta yi mana aiki a wani wuri, ɗan takara ne ke janyewa da kansa kafin zaɓe. In aka ce "an janye sanata", mai sauraro zai tambaya, wa ya janye shi, jam'iyya?

Malam Ɗanjuma: To dakatarwa fa?

Dakta Isiyaku: Ita ma daban ce, kuma misalin Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ya raba su. A watan Maris na 2025 majalisar dattawa ta dakatar da ita wata shida, wannan hukuncin abokan aiki ne. A cikin watan kuma aka kai takardar kiranye. INEC ta ƙirga sa hannu 208,132 cikin masu rajista 474,554, wato kashi 43.86 cikin ɗari, bai kai rabi ba, magana ta mutu tun a matakin farko.

Na Dino Melaye a Kogi ta Yamma ya ɗan matsa gaba, ya kai ga tantancewa a Afrilun 2018. Nan ake yin ta, domin duk wanda ya sa hannu sai ya fito rumfarsa da katin zaɓe ya tabbatar shi ne. Cikin sa hannu 189,870, guda 18,742 kawai aka tabbatar. Tara suna a takarda abu ne mai sauƙi, fito da mutane rana tsaka shi ne aiki, balle ma lissafin da masu rajista ake yi, har da waɗanda suka rasu ko suka ƙaura ba a goge sunansu ba.

Don haka ina roƙon masu fassara: kada a rubuta "an yi masa kiranye" don kawai an kai takarda. A ce "yunƙurin kiranye" har sai an kaɗa ƙuri'a.

Alhaji Sule Mai Rediyo: Na sauka, Dakta. Kiranye ɗin, amma a labarai zan riƙa cewa "kiranye daga majalisa" a ambaton farko, kada tsofaffi su zaci boka aka kai wa sunan sanata.