Gona ɗaya, sama ta ƙone, ƙasa ta jiƙe: ya kuke yi da taku?

Manomi daga Malumfashi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gonar da muka gada gangare ce. Bana masara na shuka tun daga sama har ƙasa, iri ɗaya, taki ɗaya. Da ruwa ya ɗauke kwana 12 a Yuli, ta tudu tun hantsi take nannaɗe ganye, ta kwari ko a jikinta. Agusta na kamawa sai ruwa ya kwanta a kwarin, ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe. Tsakiya kaɗai ta ba ni abin kirki. Don Allah a taimaka da shawara.

Dattijo daga Dambatta:
Ɗana, gonarka uku ce, ka noma ta kamar ɗaya. Bayan ruwa da kwana uku ka tona ƙasar tudu ka dunƙula a hannu, za ta warwatse. Ta kwari kuwa sai ta manne maka a yatsu. Tudu na gero ne da wake da gyaɗa. Dawa ta fi masara haƙuri da jiƙa. Inda ruwa ke kwana, ba wa shinkafa. Takin da ka zuba a sama ma yana can ƙasa, ruwa ya kai shi.

Wani daga Badagishiri, jihar Tawa:
Gaskiya Baba ya faɗa. Mu nan fako ne ciwonmu, ruwa na sauka ya zarce. Tassa muke yi. Da rani a haƙa ramuka zurfin taƙi guda, a tara ƙasar ta wajen gangare, a zuba taki hannu biyu. Gara ta shigo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Aikin na karya ƙugu, amma wurin da ko ciyawa ba ya fitarwa, yanzu damman hatsi nake ɗaurewa.

Wata daga Giwa:
Ni kunya ce ta cuce ni. Mai shanun huɗa ya ja ta bin gangare don shanunsa su huta, damina biyu kwazazzabo ya raba min gona. Yanzu a gicciye nake sa a yi, na dasa gamba layi-layi. Amma malam, ka bar wa ruwa mafita. Ruwan Agustan 2024 ya cika min kwarin kunya, ɗaya na ɓallewa ta ja na ƙasa da ita gaba ɗaya.

Manomi daga Malumfashi:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, taku nawa kika bari tsakanin layukan gambar?