Kafin ka yi wa wayarka rutin

Abin da na tsinta a muhawarar jiya kan ko ya dace mutum ya yi wa wayarsa rutin, wato ya samu cikakken iko da tsarin Android ɗinta: kowa ya yarda waya taka ce tunda kuɗinka ka sa, amma manhajar banki ba ruwanta, da Play Integrity (tsarin Google mai duba ko an taɓa tsaron waya) ya gano an buɗe bootloader (manhajar da ke tada waya, wadda ake buɗewa kafin a yi rutin) tana iya ƙin tashi kawai. Wasu sun ce Magisk, manhajar da ake yin rutin da ita, na ɓoye rutin ɗin, eh yana yi, amma yau ya yi gobe Google ya sabunta abu ka koma gidan jiya. Masu Samsung ku kula, Knox, tsarin tsaron wayoyinku, in ya tsinke garin yin rutin ya tsinke kenan. Buɗe bootloader kuma goge komai yake, kwashe hotunanka tukuna. Ni dai wadda ta fi kwanta min, tsohuwar waya a yi gwaji da ita, ta banki a ƙyale ta.