Na tara dangwale 43 amma matan sun ɗauka rijistar tallafi ce, ya zan yi?

Ɗan Masta:

Salam jama'a, dan Allah waɗanda suka taɓa yin bincike a cikin mutane ku ba ni shawara don abin ya hana ni barci. Ina digiri na biyu a fannin zamantakewa, aikina a kan matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu ne, yadda suke neman abinci a cikin gari, wasu suna kwana a kangaye wasu a firamare. Na je wajen mai unguwa da takardar makaranta, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da yaronsa ya ce ya kai ni. Kafin mu isa ashe labari ya riga mu, mata sun yi layi, wasu har da katin zaɓe a hannu. Na karanta musu fom ɗin yarda da Hausa, kowa ta ce to, ta dangwala, cikin kwana biyu na samu 43, na yi hira da 15 na ɗauka a waya. Ina ta murna aiki ya yi sauri.

Ina haɗa jaka zan tafi wata dattijuwa ta riƙe min hannun riga ta ce ɗan nan yaushe za a kawo shinkafar? Wlh jikina ya yi sanyi. Ni ban ce za a kawo komai ba, a fom ɗin ma an rubuta babu biya, amma na gane duk haka suka ɗauka. Na biyu kuma, ɗaya daga cikinsu tana cikin kuka ta kama sunan wani mutumin ƙauyensu ta ce shi ne infoman da ya kawo musu ɓarayin, sunansa da na ubansa da na ƙauyen duk suna cikin wayata yanzu haka. Sufabaiza, malamin da ke duba aikina, na jiran babi na huɗu ƙarshen wata. In yi amfani da abin da na tara ko kuwa? Rikodin ɗin nan kuma ya zan yi da shi?

Bawan_Allah_77:

Haba malam kai ma ka cika saka kanka a uku, ka karanta musu fom sun dangwala ai shikenan ka fita, baka yi musu karya ba. wasu ma a daki suke zama su cike kwashoniya (takardar tambayoyi) da kansu da biro kala kala kuma su ci difens (kare aikin a gaban malamai) lafiya lau. ka rubuta babinka ka wuce wurin, in Allah ya hore ka sai musu omo ka kai

Anti Mai Fom:

Ƙanena kar ka bi ta Bawan Allah. Na yi shekaru ina aikin tattara bayanai gida-gida kuma abin nan da ya same ka ya same ni a fitata ta farko, ni buhun masara aka tambaye ni. Ba ka yi ƙarya ba gaskiya ne, amma ka tambayi kanka, a cikin layin nan akwai wadda za ta iya cewa a'a? Yaron mai unguwa na tsaye a bayanka, su kuma baƙi ne a unguwar, zaman alfarma suke yi, ga yunwa, ga duk mai zuwa da takarda da biro da suka taɓa gani ɗan agaji ne ko ɗan siyasa. Ko fom ɗin cewa ya yi za a yanka su dangwalawa za su yi, ba saurara suke ba, tunaninsu kar layi ya wuce su.

Izinin mai unguwa na shiga unguwa ne kawai, ba zai yarda a madadin mace baliga ba, haka mijinta in yana nan, ka gaishe shi ka nemi izinin shiga amma ita za ka tambaya. Ka koma, kai kaɗai ko da wata mace 'yar ajinku, ni da so samu ne ma macen ta yi hirar don akwai abin da ba za su taɓa gaya wa namiji ba, wanda kuma suka gaya maka ɗin wataƙila sun ƙara gishiri saboda suna ganin wadda ta fi ban tausayi ita za a fara ba. Ka ga ko don ingancin aikinka ma bayanan nan suna da matsala. Ka ce musu ɓaro-ɓaro ni ɗan makaranta ne, babu shinkafa, babu kuɗi, sunanku ba zai je wajen gwamnati ko wata ƙungiya ba, wadda ba ta so, ta faɗa a cire maganarta yanzu. Sai ka ce ta maimaita maka abin da ta fahimta da bakinta. Za ka ga rabi sun watse, wasu ma su yi maka Allah ya isa, ka haƙura.

Dangwalen ma ni ban cika son sa ba. Mutanen karkara sun san dangwale wajen zaɓe da wajen bashi da wajen sayar da gona, ko dai ya tsorata su ko ya sa musu rai. Ana iya karɓar yarda da baki a gaban shaida wanda ba shi da alaƙa da mai unguwa, in dai kwamitin duba ƙa'idojin bincike na makarantarku ya amince tun farko. Kuma kar ka ƙara yin hira a tsakar fili kowa na ji. Binciken da ake yi kan cin zarafin mata, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ɗaya tak ake tambaya a gida, in ba a samu keɓewa ba a bar tambayoyin, in wani ya shigo a canza zance. Sabulu ko omo ba laifi, amma ka ba har wadda ta fara hirar ta ce ta fasa, kuma kar ka faɗa tun farko ya zama shi ne abin jan su.

Malamin Aji:

Anti ta gama magana a kan komawa, ni zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri, halin malamai ne.

Duk mai cewa ai sun dangwala, ya tuna Kano 1996. Annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya gwada sabon maganinsa Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba sabon, sauran aka ba wani maganin da aka sani, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki ta hanyar nas-nas. Iyayen suka ce su ba su san gwaji ba ne, ga shi a asibitin akwai likitocin agaji na MSF suna ba da magani kyauta, uba ya ɗauko ɗansa wuya ya sanƙare, ina ya ga natsuwar bambance wannan bature da wancan? Daga baya ma ta fito cewa takardar amincewar kwamitin duba ƙa'idojin bincike da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka ƙaurace wa allurar shan inna, labarin nan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, Kano ba ta dawo da rigakafin ba sai 2004, cutar kuma ta bazu har wasu ƙasashe. Na san naka hira ce ba allura ba, ba wanda zai mutu don ka tambaye shi me ya ci jiya, amma ruɗanin iri ɗaya ne, mutum yana cikin tsanani ya ɗauka taimako ya zo alhali nazarinsa aka zo yi. Kuma in shinkafa ba ta zo ba, ɗalibin da zai je bayanka shi zai sha jifa.

Rikodin ɗin shi ya fi tayar min da hankali. Mu masu binciken zamantakewa muna saurin cewa sirrinki ba zai fita ba, alhali ba mu da ikon cika alkawarin. A Amurka wata jami'a a Boston ta yi hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ayalan ta Arewa daga 2001 zuwa 2006, aka yi musu alkawari ba mai jin kaset ɗin sai bayan sun mutu, suka saki jiki suka faɗi abin da suka aikata. A 2011 'yan sandan Ayalan ta Arewa suka bi ta kotun Amurka suka nema, jami'ar ta miƙa wasu, har a 2014 aka kama Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin na lokacin, aka tsare shi kwana huɗu ana tambayarsa kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Babbar jami'a ke nan mai lauyoyi. Kai kuma waya ce a aljihu, ka hau adaidaita a fizge, ko a tsayar da kai a shingen hanya a ce buɗe mu gani, ko ƙaninka ya ɗauka zai yi gem ya tura a WhatsApp.

Yau ɗin nan ka zauna ka rubuce hirar, sunan mutumin da na ubansa da ƙauyen kar su shiga takarda ko kaɗan, ka goge muryar daga wayar, ka duba ko ta hau Google da kanta. Sauran muryoyin ka mayar kwamfuta ka sa lambar sirri, fom masu suna ka ajiye su daban da rubutun hira. Canza suna kaɗai ba ya isa, in ka rubuta wata bazawara mai 'ya'ya bakwai daga ƙauye kaza da aka kashe mijinta ranar kasuwa, duk ɗan yankin ya san ta ko ka kira ta Hajiya A. Sannan tambaya, wani kwamiti ya duba aikin nan kafin ka fita, ko takardar gabatarwa ce kawai daga sashe? Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya tun 2007 da kwamitin ƙasa mai kula da shi, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma a sassanmu na zamantakewa sau da yawa sai a ga kamar wannan na likitoci ne, mu kanmu malamai muna da laifi a nan.

Abu Hanifa:

Allah ya gafarta Malam, ban ƙi maganarka ba, ko a addini ma akwai hadisin da ya ce idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiga to amana ce. Amma fa rai ake magana. In da gaske mutumin nan infoma ne, gobe wani ƙauyen zai sa a tasa, shi kuma ɗan'uwanmu ya goge suna ya yi shiru don ya samu digiri? Ni ina ga ya kai wa jami'an tsaro a ɓoye.

Malamin Aji:

Malam Abu tambayarka mai nauyi ce kuma ba zan ce ina da amsar da za ta kwantar wa kowa da hankali ba. Amma me yake da shi a hannu? Maganar mutum ɗaya cikin kuka, bai san mutumin ba, bai san ko da ido ta gani ko ji ta yi, ko akwai tsohuwar rigimar gona ko ta aure a tsakaninsu. Mun san yadda ake yi a yankunan nan, kalmar infoma kaɗai ta isa a kashe mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. In kuma gaskiya ne, aka kama shi, za a tambaya wa ya faɗa, a ce ai wani ɗan jami'a ya zo ya yi hira da matan firamare, kwana nawa za a ɗauka a gano ta? Ita ke kwana a ajin da ba ƙofa. Da cewa ta yi gobe za a kai hari wuri kaza, wannan daban, dole a yi wani abu, shi ya sa ake gaya wa mutum tun farko iyakar sirrin da za a iya riƙe masa. Wannan kuwa labarinta ne, in tana so ta kai ƙara sai ya nuna mata hanya ko ya haɗa ta da masu taimakon shari'a.

Abu Hanifa:

Na ji Malam, amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba gaskiya.

Ɗan Masta:

Na gode ƙwarai. Malam babu kwamitin da ya duba, takardar sashe ce kawai. Na rubuce hirar daren jiya na goge muryar, ashe kuwa ta hau Google, sai da na bi ta can. Na gaya wa sufabaiza komai, ya ɗan yi faɗa a kan lokaci amma ya ƙara min sati uku ya ce in rubuta abin da ya faru a babi na uku. Yau da safe muka koma da wata 'yar ajinmu ba tare da yaron mai unguwa ba, cikin 15 ɗin shida sun ce a cire su, biyu ba mu same su ba an ce sun koma ƙauye girbi, bakwai sun yarda a sake hirar. Dattijuwar nan ta ce ai da ma ta san ƙarya ne, daga baya kuma ta zaunar da mu ta fi kowa magana. Anti su biyun da suka tafi fa, in ajiye nasu har su dawo ko in cire kawai? Ba su da waya.