Wace Hausa za mu ba wa scalability da decentralization?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Duk rubutun da ke kwatanta tsare-tsaren kuɗin intanet irin su Bitcoin da Ethereum da Solana, kalmomin nan biyu, scalability da decentralization, ne ginshiƙinsa. Ana ta rubuta "sauri" ga ta farko, "raba iko" ga ta biyu. Duka biyun ba su kwanta mini ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. "Sauri" kuskure ne, Malam. Sauri shi ne tazarar da ke tsakanin bulo da bulo (bulo shi ne ƙunshin mu'amaloli da ake ƙarawa a littafin ciniki, jerinsu kuma shi ne sarƙa): kusan minti 10 a Bitcoin, daƙiƙa 12 a Ethereum, ƙasa da rabin daƙiƙa a Solana. Scalability kuwa tambayarsa daban: in masu amfani suka ninka, me zai faru? Bitcoin na ɗaukar mu'amala kusan 7 a daƙiƙa. Da layi ya yi tsawo sai a shiga gwanjon kuɗin aikawa, wanda ya biya da yawa a sa nasa a bulo, mai ƙaramin ƙarfi ya jira. Shawarata "jure cunkoso".

Ɗan Lissafi: Na so "faɗaɗuwa", amma na janye. Faɗaɗawa hanya ɗaya ce kawai, wadda Bitcoin Cash, reshen da ya ɓalle daga Bitcoin, ya bi a watan Agustan 2017 da ya kai bulonsa megabait 8. Lightning, hanyar biyan kuɗi da aka ɗora a kan Bitcoin, da tsare-tsaren hawa na biyu da aka ɗora a kan Ethereum ba su faɗaɗa bulo ba, kwashe lodin suka yi zuwa gefe, sai sakamako ya koma babbar sarƙa. "Jure cunkoso" ya game duka.

Injiniya: Ta biyun ce ta fi damuna. "Raba iko" na nufin akwai mai rabawa, kamar gwamnatin tsakiya da ke miƙa wa jihohi wani abu, gobe ta iya karɓewa. A nan babu mai rabon. Ikon bazuwa ya yi a hannun dubban kwamfutocin da kowacce ke tantance littafin da kanta. Don haka "bazuwar iko".

Kuma ana iya auna ta, shi ya sa na nace. Na ɗaya, wa zai iya shiga? Kwamfuta matsakaiciya mai faifan terabait 1 ko 2 na iya tantance Bitcoin gaba ɗaya. Ethereum, tun da ya bar haƙa (gasar lissafi tsakanin kwamfutoci don samar da bulo) ranar 15 ga Satumbar 2022, yana neman jinginar ETH 32, wato kuɗinsa, ga mai tantancewa. Solana na neman RAM gigabait 256 ko fiye da intanet mai ƙarfin gaske, wato masu hali kaɗai. Jure cunkoson nasa daga nan ya fito, kuma duk da haka ya tsaya cak na kusan awa 17 a Satumbar 2021, da bot, manhajoji masu aiki da kansu, suka yi masa ambaliyar mu'amaloli. Na biyu, mutum nawa ne in sun haɗa baki za su dagula sarƙar? A tsarin haƙa sai sun wuce rabin ƙarfin lissafin. A tsarin jingina, sulusi ya isa ya hana kammala bulo.

Ɗan Lissafi: A wannan ma'aunin Bitcoin ma ba a bar shi ba, ɗan'uwa. Rukunan haƙa biyu ko uku kan tara fiye da rabin ƙarfin. Sai mu riƙa cewa "ikonsa ya bazu sosai" ko "bazuwarsa kaɗan ce", tunda kalmar na karɓar mataki-mataki.

Mai Fassara: Madalla. Na ɗauki "jure cunkoso" da "bazuwar iko". Saura node, wato kowace kwamfuta da ke tantance littafin: "kwamfutar tantancewa" ta yi tsawo, wa ke da gajeriya?