Sojan da ya faɗi a fagen daga: a yi masa salla ko a binne shi da kakinsa?

Alhaji na Zango: Jama'ar Damagaram, duk ranar 10 ga Disamba mukan tuna sojoji 71 da suka kwanta dama a harin 'yan bindiga a Inates, yankin Tilabéri, a 2019, aka binne su a Yamai, ƙasa ta yi makokin kwana 3. Maganata ita ce sojan ƙasa da ya tsaya a bakin daga har aka kashe shi shahidi ne. Wanka da sallar da ake yi wa irinsu kuskure ne, rage musu daraja ne.

Malam na Birni: Alhaji, Allah ya jiƙansu. Asalin maganarka na nan: a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, an binne shahidai 70 da jininsu, ba wanka ba salla. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma haka ta ce, a binne shahidi da tufafinsa. Amma Malikiyya sun sa sharaɗi biyu: yaƙin ya zama da kafirai abokan gaba, kuma ya cika a wurin. Wanda 'yan tawaye ko 'yan fashi suka kashe, ana yi masa wanka da salla, ladan shahada kuwa yana wurin Allah. Sayyidina Umar da Sayyidina Aliyu kashe su aka yi, an kuma yi musu duka biyun. Wa zai ce an rage su?

Alhaji na Zango: Allah gafarta Malam, to wanda ya kashe mai salla a sansaninsa, me ya rage masa na Musulunci?

Malam na Birni: Laifinsa babba ne ƙwarai, amma kafirta mutum hukunci ne daban, ba a yanke shi a bakin kabari. Hanafiyya sun fi kusa da kai: ba sa wanke wanda 'yan tawaye suka kashe, sai dai su ma suna yi masa salla.

Baba Lajidan: Ku bar ni in faɗi na aikin. Kafin komai ana cire bindiga, harsasai, rigar sulke da hular kwano, a rubuta suna da lambar soja, don a nan ake yin kuskure idan gawa ta yi yawa. Zafin Tilabéri ba ya jira, kwana biyu jiki ya canza. Shi ya sa ba kullum ake iya kai kowa garinsu ba.

Malam na Birni: Haka ne Baba. In cuɗawa za ta saɓule fata, sai a kwarara ruwa kawai. In hakan ma ba zai yiwu ba, taimama. In abin da aka samu bai kai kashi 2 cikin 3 na jiki ba, a suturta a binne, ba wanka ba salla. Wanda aka ɗauko da rai ya rasu a likita, kamar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, cikakkiyar jana'iza ce, kabbara 4.

Hajiya ta Sabon Gari: Malam, uwar da ke nan Damagaram fa, ɗanta na kwance a Yamai, lambar yabo kawai aka kawo mata? A yi masa sallar ga'ibi a nan?

Malam na Birni: Hajiya, a Malikiyya makaruhi ce, balle ma an riga an sallace shi. Addu'a da sadaka suna isa gare shi ko daga ina. In yana da bashi, dangi su fara da shi kafin rabon gado.