Wa zan ba hoton yayen 'yata, kuma me zan duba kafin in biya?

Maman 'Yar Aji Shida:

Assalamu alaikum jama'a. 'Yata na gab da gama NECO, makarantarsu kuma ta sa bikin yaye a ƙarshen watan Yuli. Makaranta ta ɗauko nata mai hoton na ranar biki, amma ina son a yi wa yarinyar nata na musamman, wanda za a wanke babba a rataye a falo, a kuma yi ɗan albam. Shiga uku za ta yi: rigar yaye da hularta, farin leshi da mayafi, sai atamfa. Masu hoto sun yi yawa a garin nan na Kano, daga Titin Gidan Zoo har Instagram, kowa ka duba aikinsa sai ka ce shi ne gwani. Me zan duba kafin in ba da kuɗina? Kuma situdiyo ya fi ko waje? Yarinyar baƙa ce, ba na son a dawo min da ita fara tas kamar ba ni na haife ta ba.

Mai Kyamara:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Maganar da kika rufe da ita, da ita za ki auna kowane mai hoto.

Kada ki yanke hukunci da abin da ke shafinsa, domin a can kowa zaɓaɓɓu yake sakawa. Ki ce ya nuna miki aikin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, hoto ashirin ko talatin, kuma ki nemi na baƙin mutum da ya sa fararen kaya. A nan asiri ke tonuwa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne, to idan farin leshi ya cika hoto sai kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuska ta nutse. Idan mai hoton ya ƙara haske don fuska ta fito, leshin ya ƙone, ya zama farin fili babu zare babu zane. Wanda ya san aikinsa fuskar yake haskawa daban: ya kafa lemar haske a gefe, kamar rabin tsakanin gaba da kafaɗa, sama kaɗan da ido, ya matso da ita kusa da fuska ya ɗan kautar da ita daga kayan, sannan ya sa faifan dawo da haske a ɗaya gefen don inuwa ta yi laushi. Idan an yi haka za ki ga ƙwayar ido da ɗigon haske a cikinta, ki kuma iya ƙirga furannin leshin, duk a hoto ɗaya.

Raggon mai hoto kuwa a duhu yake ɗauka, sai ya je kwamfuta ya fara wanke fuskar. Gane shi ba wuya. Ki gwada launin fuska da na wuya da na bayan hannu; idan fuska ta fi hannu haske nesa ba kusa ba, an yi mata bilicin kwamfuta. Ki kuma buɗa hoton da yatsa ki dubi kumatu. Fatar mutum tana da 'yan ƙofofin gashi, idan kika ga ta yi sumul kamar ta 'yar tsana an wuce gona da iri. Cire ƙurji ɗaya biyu gyara ne, sauya wa yarinya launin da Allah ya ba ta ɓarna ce, kuma bayan shekara goma ita da kanta za ta ƙi hoton.

Sai ki tambaye shi gilashin da zai ɗora wa kyamara. Na fuska da kafaɗa, mai 85mm ya fi, mai 50mm ma ya yi idan ya ja baya kamar mita biyu. Mai 24mm ko 35mm idan aka matso da shi kusa yana kumbura hanci ya tsuke kunne, irin yadda waya ke yi wa mai ɗaukar kansa. Buɗin gilashi, wato girman ƙofar da haske ke shiga, f/2 zuwa f/2.8 yana da kyau ga mutum ɗaya, baya ya narke ita ta fito. Amma idan za ku shiga ke da mahaifinta da ƙannenta a yi layi biyu, dole ya rufe zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na gaba su fito tar, na baya su yi dishi-dishi. Wannan kuskuren ya yi yawa, kuma kwamfuta ba ta gyara shi. Ki tambaya kuma ko kyamararsa mai cin mimori biyu ce, tana ajiye kowane hoto a duka biyun. Mimori na mutuwa ba sallama.

Batun situdiyo ko waje, ki raba. Rigar yaye da farin leshi a situdiyo, atamfa a waje. Ƙarshen Yuli tsakiyar damina ne a Kano, hadari na iya haɗuwa da yamma ya watse muku shiri, don haka na waje a sa shi da safe, bakwai zuwa tara, ko bayan la'asar daga biyar zuwa shida da rabi, a kuma tanadi wata ranar ko da an yi ruwa. Daga sha ɗaya zuwa uku rana na tsakar ka, inuwa na zama a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, hular yaye mai faɗin nan kuma ta ƙara rufe idon gaba ɗaya. Ranar da gari ya yi lumshi babu ruwa, ita ce ranar hoto, kada ki fasa don ba a ga rana ba.

Mai Wankin Hoto:

Hajiya, abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai akwai rabin aikin da ake mantawa sai an zo wanki. Hoton da ya yi kyau a waya ba lallai ya yi kyau a takarda ba, domin fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa ba ta da nata. Shi ya sa baƙar fata ke ƙara duhu bayan wanki idan tun farko ba a haska ta da kyau ba. Ki ce ya ba ki wankakken hoto ki riƙe a hannu, ki fita da shi bakin ƙofa ki duba a hasken rana. Kafin a wanke babban kuma, a fara gwada ƙarami mai inci 5 da 7; idan launin bai yi ba, asarar kaɗan ce.

Ga lissafin girma. Wanki mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Mai inci 8 da 10 yana buƙatar 2400 da 3000, mai 12 da 16 yana buƙatar 3600 da 4800. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000, ya isa har mai 16 da 20 na falo, tunda shi daga nesa ake kallonsa. Inda ake ɓata komai shi ne WhatsApp. Idan aka turo hoto ta hanyar da aka saba, yana matse shi ya dawo kusan fiksel 1600 a tsawonsa, wanda da ƙyar zai yi mai inci 4 da 6. Sai a kawo wannan a ce a yi na bango, ya fito da tsatstsage a gefen fuska, a ɗora wa mai wanki laifi. Ki karɓi hotunanki a filas, ko a turo su a matsayin fayil, ko ta Google Drive, ki kuma ajiye su wuri biyu.

Akwai kuma yanka. Hoton kyamara tsawonsa kashi uku ne faɗinsa biyu, firam mai 8 da 10 ko 16 da 20 kuwa biyar da huɗu ne, don haka sai an yanke kashi ɗaya cikin shida na tsawon. Idan mai hoto ya cika firam da ita tun wajen ɗauka, to ko saman hula ya tafi ko hannun da ke riƙe da takardar shaida. Ki faɗa masa girman firam ɗin tun kafin ya ɗauka don ya bar fili sama da ƙasa, ko ki zaɓi 8 da 12 ko 12 da 18, su ba a yanke musu komai.

Wanda zai shiga bayan gilashi a yi shi a takarda marar sheƙi. Mai sheƙi tana manne wa gilashi idan danshin damina ya shiga, ranar da aka zo cirewa ta ɗaye da fuskar. Kada kuma a rataye shi a bangon da ranar yamma ke duka ta taga, zai koɗe.

Malamar Aji Shida:

Hajiya barka da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren yarinyar zan yi magana, don duk ƙwarewar mai hoto, idan ta takura fuskarta za ta nuna.

Ki fara tambayar makaranta ranar da za a raba rigar yaye da ranar da za a karɓe ta, sannan ki tsayar da rana da mai hoto. Wasu makarantun ana gobe biki suke bayarwa, a karɓe da an tashi. Kada ki sa hoton musamman a ranar bikin kanta. Ga zafi, ga cunkoso, kwalliya ta narke, ita kuma hankalinta na wajen ƙawayenta. Rigar takan zo a yamutse, a goge ta ta ciki da dutsen guga mai sauƙin zafi, domin yadin na roba ne, yana ƙonewa ya yi ƙyalli.

Yanzu akwai mata masu hoto a Kano, idan ta fi sakewa da mace ki nemi mace. Idan namiji ne, ke ko yayarta ku kasance a wurin, ku ne masu gyara mata mayafi da hula, shi nasa ya yi bayani da baki. Ki leƙa situdiyon tun kafin ranar ki ga ko akwai ɗakin sauya kaya mai ƙofa da madubi. Abin da na fi so ki riƙe: ki faɗa masa a rubuce cewa ba a yarda ya sa hotonta a Instagram ko TikTok ko allon tallan shagonsa ba, in dai ba ku so. Da yawansu suna ɗauka cewa shiru izini ne, hoto kuma idan ya hau intanet ya fi ƙarfin mai shi.

Lalle a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar don ya kama. Mai kwalliya ki gargaɗe ta kan hoda: wadda ta fi fatar haske, da farar nan da ake zubawa ƙarƙashin ido, idan filashi ya doke su sai fuska ta yi toka-toka. A fara da rigar yaye, sai leshi, a ƙare da atamfa da ɗauri, a ware wa shiga ukun awa biyu. A tafi da allurar mayafi, da tishu na danne maiƙon goshi, da ruwan sha. Idan wuri irin Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata kuke so, a nemi izinin masu wurin tukuna, kada a je da kaya a tsaya ciniki a bakin ƙofa.

Dattijon Kwamitin Iyaye:

Duk sun yi bayani. Saura kuɗi, inda zumunci ke lalacewa. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon sai kaya sun zo hannu kin duba. A rubuta ko da a WhatsApp ne: shiga nawa, hoto nawa za a gyara, nawa za a wanke da girmansu, firam da albam na cikin kuɗin ko daban, da ranar karɓa. Lokacin yaye aiki na yi musu yawa, wanda bai ba ki rana takamaimai ba sai ki yi ta sintiri. Idan shago ne mai yara da yawa, ki tabbatar wanda kika ga aikinsa shi zai ɗauka, kada ranar a turo miki ɗan koyo. Ni a ganina ma ki ce ya haɗa miki da ɗanyen fayil ɗin duka.

Mai Kyamara:

Baba, a nan ɗaya na ɗan saɓa maka, a gafarce ni. Ɗanyen fayil, wanda ake kira RAW, yana da nauyi, yawanci sai da manhaja ta musamman ake buɗe shi, kuma launinsa a kwance yake kamar miyar da ba a sa wa gishiri ba. Ba zai amfani Hajiya ba. Abin da za ta nema shi ne JPEG, irin fayil ɗin hoton da waya ke buɗewa, mai cikakken girma, babu tambarin shago a kansa, sannan ya yi alƙawarin riƙe ɗanyen a wurinsa wata uku ko da za a nemi gyara. Ta kuma ce ita da yarinyar za su zaɓi waɗanda za a gyara, ba shi ba.

Maman 'Yar Aji Shida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na manta ban faɗa ba, tana sa tabarau na magani, kuma ba ta son cirewa.

Mai Kyamara:

Kada ta cire, Hajiya, da shi aka san ta. Matsalarsa ɗaya, lemar haske na bayyana a cikin gilashin ta rufe ido. Maganinsa a ɗaga lemar sama a ƙara kai ta gefe, ita kuma ta ɗan sunkuyar da haɓa, ko a ɗaga hannayen tabaran kaɗan daga kan kunne don gilashin ya kalli ƙasa. Mayafi zai rufe wurin. A goge shi tas kafin a fara. Idan irin mai yin duhu a rana ne, a waje zai koma baƙi, to na wajen a yi shi a inuwa mai kauri, ko ta zo da wani tabaran da ba ya sauya launi. Ki ce ya ɗauki biyu uku babu tabarau a tsayuwa ɗaya ba tare da ta motsa ba, idan haske ya ɓata ido a wanda kuka fi so sai a ɗauko idon daga can. Kafin ta sauya kowace shiga, ya buɗa miki hoton a bayan kyamara har kan ido, ki gani da kanki.